Mil 15 cikin dusar ƙanƙara: daga Bafalo zuwa Hamburg

Tsakanin tsakiyar birnin Bafalo, a jihar New York ta Amurka, da garin Hamburg da ke kudu da shi, tafiyar ba ta wuce mil 15 ba. Ranar da titi yake bushe, minti 25 ya isa. Ranar da Tafkin Erie ya turo dusar ƙanƙara kuwa, wannan 'yar tafiyar takan ci awa biyu, shi ma sai in Allah ya taimaka ba a rufe hanya ba. Ita nake bi idan na tashi daga aiki, kuma tafiyar ba a cikin mota take farawa ba, a fuskar waya take farawa tun ina zaune a ofis.

Dalili shi ne irin dusar da ake yi a nan. Ruwan tafkin yana riƙe ɗumin bazara har cikin Nuwamba da Disamba. Idan iska mai tsananin sanyi ta taso daga Kanada ta bi tsawonsa, kusan mil 240, sai ta yi ta kwasar tururi, da ta hau tudu ta juye shi dusa. Ba ta watsa shi ko'ina. A wani siririn zirin gajimare take sauke kayanta, faɗinsa wani lokaci bai kai mil 10 ba, a ƙarƙashinsa kuma dusa na iya taruwa inci uku ko huɗu a awa ɗaya, har da tsawa da walƙiya. A Nuwamba 2014 wasu garuruwan kudu da Bafalo sun samu kusan ƙafa 7, alhali unguwannin arewa 'yan inci kaɗan suka gani. A Nuwamba 2022 Hamburg da garin Orchard Park da ke maƙwabtaka da shi sun samu wajen inci 80. Saboda haka abin da tagar ofis ta nuna maka ba hujja ba ne. Rana na iya haskawa a tsakiyar birni, mil biyar gaba kuma mutum ba ya ganin bonet ɗin motarsa.

Abu uku nake dubawa. Na farko hoton radar na hukumar hasashen yanayi, wadda ofishinta na wannan yanki yake filin jirgin sama a Cheektowaga: ina zirin yake yanzu, kuma ina iska za ta tura shi. Idan iskar ta fi karkata daga kudu maso yamma, kan birni yake hawa. Idan ta koma daga yamma, sai ya sauka kan Lackawanna da Hamburg da Orchard Park. Na biyu kyamarorin hanya na 511NY, shafin bayanan tituna na jihar New York, don na ga titin da idona. Na uku sanarwar gundumar Erie. Akwai shawarar kada a fita, akwai kuma haramcin tuƙi, kuma ba ɗaya ba ne. Idan haramci ne, magana ta ƙare, a ofis ko gidan wani na kusa zan kwana. Guguwar da ta fara ranar Juma'a 23 ga Disamba 2022 ta kashe mutum fiye da 40 a wannan yanki, wasu a cikin motocinsu, wasu a kan titi bayan sun bar motocin, kuma da yawa sun riga sun fita aiki da safiyar ranar kafin haramcin ya fito. A ma'aunin hukumar yanayi, ana kiranta cikakkiyar guguwa idan iska ta kai mil 35 a awa, ganin gaba ya gaza rubu'in mil, kuma haka ta ɗore awa uku. Ranar da aka yi hasashen wannan, ba dabarar tuƙin da za ta yi amfani.

Idan dusa ce mai yawa amma iska da sauƙi, to ana tafiya, sai dai a tafi da wuri. A Disamba rana tana faɗuwa wajen biyar saura kwata. Gara na sallaci la'asar na fito ƙarfe uku, da na jira magariba na haɗa duhu da dusa da cunkoson masu tashi aiki.

Hanyoyi uku ne zuwa Hamburg. Ta bakin tafki, wato hanya mai lamba 5, ita ce gajeriya, amma tana hawa doguwar gadar Skyway da ake rufewa idan iska ta yi ƙarfi, daga nan kuma har a wuce tsohon filin masana'antar ƙarfe na Lackawanna ba abin da ya tare tsakaninka da tafkin, iska ce ke kwaso dusa ta watsa a titi. Ta biyu babbar hanyar I-90, wadda ake ce wa Thruway, a sauka a mafita ta 57. Ana share ta sosai, amma idan tirela ɗaya ta gitta, duk wanda ke baya ya shiga kurkuku, domin ba wajen juyawa. A 2014 motar 'yan wasan ƙwallon kwando mata na Jami'ar Niagara ta kwana a kanta, sama da awa 24. Ta uku South Park Avenue, mai lamba 62, ta cikin unguwanni. Fitilun ba da hannu sun yi mata yawa, tafiya a kanta kamar ta hawainiya, amma akwai gine-gine masu tare iska, akwai gidajen mai da shaguna da mutum zai fake. A ranar dusa mai nauyi ita nake zaɓa. Hanyar da za ta ba ka wurin tsayawa ta fi wadda za ta ba ka gudu.

A wajen ajiye motoci nakan ba kaina minti 15 cif. Kafin na tayar da inji, sai na zagaya baya na tabbatar dusa ba ta toshe bakin salansa ba. Sannan na tayar, na juya iskar hita gaba ɗaya zuwa gilashin gaba, na kunna wayoyin ɗumama gilashin baya. Nan akwai kuskuren da sababbin zuwa suke yi: suna danna maɓallin da ke juya iskar cikin mota, wai don ɗumi ya taru da sauri. Abin da ke taruwa shi ne numfashinka da danshin takalmanka, gilashi ya yi hazo daga ciki. A bar iska ta shigo daga waje, a kunna esi tare da hita, domin esi ne ke tsotse danshi. Ruwan zafi kuwa kada a kusantar da shi gilashi mai ƙanƙara, tsagewa zai yi.

Shara daga rufi ake farawa. Wanda ya bar dusa a rufin mota, da cikin motar ya yi ɗumi ƙasanta zai narke, birkin farko ta zamo gaba ɗaya ta rufe gilashi, waifa kuma ba ta iya ɗaga ta. Daga rufi sai bonet, sai ramin da ke gindin gilashi inda hita ke shaƙar iska, sai gilasai duka da makankari, ba 'yar taga daidai fuska ba. Sai madubai, sai fitilu gaba da baya. Fitilun zamani na LED ba sa yin zafin da zai narkar da dusa kamar tsofaffin ƙwai, don haka a hanya ma sukan sake rufewa. Robar waifa a ɗaga ta da hannu a ɓamɓare ƙanƙarar da ta kama, kada a kunna ta tana manne, ko robar ta yage ko fis ya ƙone. Ruwan wanke gilashi ya zama na hunturu, wanda aka rubuta yana jure sanyi har 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Amurka, kusan 29 ke nan ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyas, kuma a ajiye galan ɗaya a but, domin gishirin titi yana shanye tanki guda a tafiya ɗaya.

Sauran shirin ba na ranar ba ne, tun Oktoba ake yinsa. Tayoyin hunturu huɗu, masu tambarin dutse mai kai uku da ƙwayar dusa a tsakiya. Robar taya ta yau da kullum tana taurarewa da zarar sanyi ya sauka ƙasa da 7 a ma'aunin Salsiyas, ta hunturu kuwa tana nan da laushinta. Sa biyu kawai a gaba ya fi rashin sawa haɗari a kwana, domin gaba zai kama ƙasa, baya ya wulwulo. Zurfin zanen taya kada ya gaza milimita 5. Iskar taya tana raguwa da kanta idan sanyi ya ƙaru, sai an riƙa aunawa. Batir da ya tsufa a irin wannan rana yake tona asirin kansa. Mai kada ya gaza rabin tanki. A but kuma akwai shebur, ƙaramin buhun yashi, wayar jona batir, bargo, safar hannu ta biyu, tocila, ruwan sha da dabino. Cajar waya a gaba take zama.

Da na fito, a fili marar mota a cikin wajen ajiyar, nakan taka birki da ɗan ƙarfi ina tafiyar mil 10 a awa. Abin da ƙafata ta ji a nan shi ne gaskiyar titin ranar. Idan birkin ya fara karkarwa nan take, to ƙarƙashin dusar ƙanƙara ce daskararriya.

Ƙa'idar tuƙin kanta ɗaya ce: taya tana da ɗan riƙo kaɗan, kuma aiki ɗaya za ta iya yi da shi a lokaci guda. Ko birki, ko kwana, ko totur. Ka rage gudu tun mota na miƙe, ka saki birki, ka sha kwana, sai sitiyari ya dawo daidai sannan ka taɓa totur. Tashi daga tsaye ma a hankali, kamar akwai ƙwai a ƙarƙashin ƙafarka. Mai giyar hannu ya tashi da giya ta biyu. Wanda ya taɓa tuƙi a rairayi ya san abin: da taya ta fara juyawa a wuri ɗaya, ƙarin totur rami yake haƙa mata. Bambancin shi ne a nan zafin juyawar yana narkar da dusa, ta sake daskarewa ta zama sulɓi kamar tangaran. Na'urar riƙe gudu ta atomatik a kashe ta. Tazara tsakanina da na gaba daƙiƙa takwas zuwa goma, ina ƙirgawa daga sandar fitila. Gudu idan ya ninka biyu, nisan tsayawa ninki huɗu yake yi, a kan ƙanƙara kuma yana iya kai ninki goma na busasshen titi. Masu manyan motoci masu jan ƙafa huɗu su ne na fi gani a cikin kwalbati. Jan ƙafa huɗu yana taimakon tashi, amma birki huɗu kowace mota take da shi.

A South Park wahalar tana bakin fitilun ba da hannu. Kowa a wuri ɗaya yake taka birki, a wuri ɗaya yake murza taya, sai wurin ya goge ya yi santsi fiye da ko'ina. Nakan fara rage gudu tun daga nesa, in ya yiwu na isa fitilar ina gangarawa ba tare da na tsaya cak ba, musamman inda akwai ɗan hawa. Idan kore ta kama, na ƙirga biyu kafin na shiga, domin mai zuwa ta gefe yana iya taka birki motarsa ta ƙi ji. Gadoji suna riga titi daskarewa saboda iska na bi ta ƙarƙashinsu. Wurin da ya yi baƙi yana sheƙi kamar jiƙaƙƙe, amma tayoyin motar gaba ba sa feso ruwa, wannan ba ruwa ba ne. Gishirin da ake zubawa ma ƙarfinsa yana raguwa sosai idan sanyi ya wuce 9 ƙasa da sifili a Salsiyas.

Wajen Lackawanna ko Blasdell ake yawan shiga zirin, kuma ana ganinsa tun daga nesa kamar katanga, mai toka-toka. Wanda ya san ƙurar hunturu ta Kano ko Damagaram zai ɗauka ya san abin, amma ƙura ba ta shafe bambancin sama da ƙasa. Wannan tana shafewa. Komai fari ne, ba layi, ba gefen titi, ido ya rasa abin kamawa har mutum ya ji kamar motar tana tsaye alhali tana tafiya. Kafin na shiga nake sauke gudu zuwa mil 15 ko ƙasa, da ɗage ƙafa daga totur, ba da birki ba. Fitilar kusa nake kunnawa da hannu. Fitilar nesa tana dukan dusar ta dawo ido. Na ce da hannu ne saboda motoci da yawa suna kunna fitilun gaba da rana amma na baya a kashe, mutum yana tafe ba wanda ke ganinsa ta baya. Dokar New York ma ta ce in waifa na aiki, fitila ta kasance a kunne. Rediyo a kashe, gilashin gefe a ɗan sauke don kunne ya taya ido. Abin bi shi ne sandunan gefen titi, akwatunan wasiƙa da sawun tayoyi. Jajayen fitilun motar gaba suna taimakawa, amma kada su zama limaminka, in ya faɗa rami kai ma ka bi shi. Abin da ya fi komai muni shi ne tsayawa a tsakiyar hanya. Idan gani ya ƙare ɗungurungum, a lallaɓa a shige gidan mai ko harabar shago. Sau da yawa minti 30 ya isa zirin ya matsa.

A cikin zirin waifa kan tara ƙanƙara ta fara shafa maimakon sharewa. Maganin shi ne a ƙure zafin hita kan gilashi, ko da kai za ka yi gumi, sannan a tsaya a wuri mai aminci a ɓalle ƙanƙarar. Miƙa hannu ta taga ana tafiya don a cafko waifa, kowa ya taɓa ganin mai yi, ba dabara ba ce. A wannan tsayawar nake share fitilun baya, na kuma harbe curin dusar da ke taruwa bayan tayoyi. In aka bar shi ya daskare yana hana sitiyari juyawa sosai. Idan kuma sitiyari ya fara rawa da an ɗan ƙara gudu, yawanci dusa ce ta cushe cikin wili, ba lalacewa ba ce.

Zamewa iri biyu ce. Idan ka juya sitiyari mota ta ci gaba da miƙewa, tayoyin gaba ne suka saki. Zuciya za ta ce ka ƙara juyawa, kada ka bi ta. Ɗage ƙafa daga totur, ka ɗan warware sitiyarin har tayoyin su sake kamawa. Idan baya ne ya fara wulwulowa, ka kalli inda kake son zuwa, ba sandar da kake tsoro ba, ka juya sitiyari can, kuma ka shirya mayar da shi da sauri, domin da baya ya kama zai wurga ɗaya gefen. Idan tsayawar gaggawa ta kama, mota mai ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, a danne birki a riƙe. Karkarwa da gurnanin da za ka ji aikinsa ke nan, ba ɓaci ba ne, kuma kana iya juya sitiyari a hakan. Taka-saki na tsofaffin motoci ne.

Motar share titi idan ta bayyana, bayanta shi ne wuri mafi kyau a duk hanyar, amma daga nesa, ƙafa 200 ko fiye, saboda gishirin da take watsawa da tsayawar bazata. Kada a wuce ta, balle ta dama, inda take da wani faffaɗan reshe na ƙarfe da ke ɓoye cikin dusar da take turawa. Gabanta ma ai titin da ba a share ba ne.

In mota ta kafe, a miƙe sitiyari, a haƙe dusa gaba da bayan tayoyin da ke ja da kuma ƙarƙashin cikin motar, domin sau da yawa cikin ne ya hau dusa tayoyi suka rataye. A zuba yashi, ko a shimfiɗa tabarmar ƙafa ta mota. A kashe na'urar hana taya zamewa na ɗan lokaci, don tana yanke ƙarfin inji daidai lokacin da ake bukatarsa. Sai a yi lilo: gaba kaɗan, baya kaɗan, da totur mai laushi, ana barin taya ta tsaya kafin a sauya giya. Idan an yi sau biyar ko shida ba ta fita ba, a haƙura, kada giya ta ƙone. Idan kuma guguwa ce kuma ba gini a kusa da ido ke gani, a zauna cikin mota. A kira 911, lambar neman agajin gaggawa, a faɗa wa na gida inda ake. A tayar da inji minti 10 a kowace awa, kuma kowane karo sai an fita an share bakin salansa tukuna, a ɗan sauke gilashi ta gefen da iska ba ta bugowa. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari ba shi da launi. Da ciwon kai da jin barci yake farawa, mutum ya ɗauka gajiya ce. A wannan tsarin rabin tanki zai kai mutum kwanaki.

Mil na ƙarshe shi ne ba a share ba, don manyan tituna ake fara bi kafin lunguna. A nan gudu kaɗan marar yankewa ake so, ba tsayawa. A bakin gida kuma motar shara ta riga ta gina maka tudu mai nauyi, cakuɗe da gishiri, wanda in ya kwana sai ya zama kamar siminti. Kada a yi masa karo da mota, cikinta zai hau ta rataye rabi a titi. Nakan tsaya a gefe da fitilun gargaɗi, na buɗe faɗin mota da shebur, ina turawa maimakon ɗagawa, ina hutawa, domin kwasar dusa mai nauyi tana kayar da masu ciwon zuciya duk shekara. Sai na shiga da baya don fitar safe ta yi sauƙi. A fili mai lebur ba na jan birkin hannu a daren da titi ya jiƙe sannan sanyi ya biyo, yana iya kamewa, giyar fakin ta isa. Na ɗaga waifa tsaye, na shiga da buroshi da makankari cikin gida, don in suna cikin mota da safe sai an haƙo motar kafin a kai gare su. Kafin na cire takalmi kuma sai na zagaya gefen gida da tocila na duba bututun da hitar gida ke fitar da hayaƙi, domin a gidaje da yawa ƙafa biyu ko uku kawai yake daga ƙasa, kuma dusar dare ɗaya ta isa ta rufe shi.